Aikin Bazara a Filin Golf

Jama'a masu sauraro, ga shirinmu na noma da muhalli. Manoma da makiyaya da 'yan lambu, yau sai ku gyara zama, domin gonar da za mu shiga ba a girbe ko tiya ɗaya ta hatsi a cikinta, amma tana cin kuɗi da gumi fiye da gonaki da yawa masu cika rumbu. Filin wasan golf nake nufi, da irin aikin da masu kula da shi ke yi idan sanyin hunturu ya janye a ƙasashen Turai da Amurka.

Na san wani zai ce, Malam, ina ruwanmu da wasan masu hannu da shuni? Gaskiya ne, yawancinmu ba mu taɓa riƙe sandar golf ba. Sai dai ciyawa ciyawa ce, ƙasa kuma ƙasa ce, kuma mutanen nan sun shafe fiye da shekara ɗari suna bin diddigin yadda saiwa da ruwa da iska ke zama tare a cikin taƙi ɗaya na ƙasa. Mai kula da filin ƙwallon ƙafa, da mai kula da harabar makaranta ko lambun ma'aikata, duk za su tsinci abin amfani.

Ga wanda bai san wasan ba, cikakken fili yana da ramuka 18, a baje a kan ƙasar da takan kai hekta 50 zuwa 60, wani ma ya fi haka. Ɗan wasa yana bugo ƙwallo daga nesa, yana binta yana ƙara bugawa, har ya zura ta cikin rami mai faɗin milimita 108. Kowane rami yana tsakiyar wani dandali mai santsi da ma'abota wasan ke kira girin. Idan ƙwallo ta iso nan, an daina ɗaga ta sama, gangara ta ake yi a hankali. Ka haɗa dandalin nan duka 18, da ƙyar su wuce hekta ɗaya da rabi, amma a kansu ake yin kusan kashi 40 cikin 100 na bugun wasa, a kansu ake cin gasa, a kansu kuma ake korar ma'aikaci daga aiki idan sun lalace.

Tsawon ciyawar dandalin a lokacin wasa milimita 3 ne zuwa 4. Ku riƙe wannan lissafi, domin daga gare shi duk wahalar ta samo asali. Da ganye tsiro ke haɗa abincinsa, kuma idan aka rage ganye, saiwa ma takan gajarta. To ga ciyawar da ake yanke mata ganye kusan kullum, ana bi ta kanta da inji, ɗaruruwan mutane suna tattaka ta, kuma ana so ta zauna lafiya sumul. Kullum a bakin gaɓa take. Duk abin da mai kula da fili zai yi a watannin Maris da Afrilu da Mayu, yana yi ne domin saiwar nan ta samu ƙarfin da za ta haye zafin Yuli da Agusta.

A watannin nan, lokacin da mu a nan muke fama da zafin bazara muna jiran saukar damina, su a can ƙanƙara ce ke narkewa. Aikin farko shi ne zagaye a ƙafa, a ga ɓarnar da hunturu ya bari. Dusar ƙanƙara mai laushi ba ta cika cutar da ciyawa ba, takan ma kare ta daga iska mai sanyi. Abin tsoro shi ne ta narke da rana, ruwan ya kwanta a kwari, da dare ya daskare ya zama fale-falen ƙanƙara mai tauri. Idan wannan ya daɗe makonni a kan dandali, ciyawar takan shaƙe, iska ta ƙare mata. Haka aka yi a hunturun 2013 zuwa 2014 a jihar Michigan ta Amurka da lardin Ontario na Kanada, inda filaye da dama suka wayi garin bazara da matattun dandali, sai da aka sake shuka. Akwai kuma wata cutar fumfuna mai son sanyi da danshi, wadda ke barin tabo zagayayye, fari-fari ko ja-ja, a inda dusar ƙanƙara ta kwanta. Idan cutar ba ta kai ga gindin ciyawar ba, akan karce tabon da buroshi ko manjagara, rana da iska su shiga, ciyawar ta farfaɗo.

Sai rigimar safiya. A farkon bazararsu rana takan fito tas, amma raɓar dare ta daskare a kan ganye. 'Yan wasa, waɗanda suka yi wata uku ko huɗu a ɗaki suna ƙaiƙayin wasa, sun iso tun da sassafe da jakunkunansu, sai su tarar da sanarwa cewa a dakata. Dalili kuwa shi ne ganyen da ya daskare ya zama gautsi. Wanda ya taka shi ya farfasa ƙwayoyin halittar da ke cikinsa, kuma ba za a ga komai a ranar ba. Sai bayan kwana biyu ko uku sawun takalmi zai fito, baƙi-baƙi, daga bakin dandali har bakin rami. Akwai ma wanda ya fi wannan muni: saman ƙasa ya narke, ƙarƙashi yana nan a daskare. Idan aka taka, saman ya zame, saiwar ta tsinke a tsakani. Saboda haka shugaban masu kula da fili yakan tsaya kai da fata, ko da kuwa shugaban kulob ne da kansa ke jira.

Abokin shawararsa a wannan lokaci shi ne ma'aunin zafin ƙasa, wani tsinken ƙarfe da ake cakawa santimita 5 zuwa 10. Irin ciyawar ƙasashen sanyi ba ta fara girma da gaske sai zafin ƙasa ya kai wajen digiri 10 a ma'aunin Salshiyos ya kuma tsaya a nan kwanaki. A Birtaniya sau da yawa watan Afrilu kan zo da rana mai daɗi da tsakar rana, ga kuma busasshiyar iska mai sanyi daga gabas, ƙasa tana nan da sanyinta. Wanda ya ruɗu da hasken rana ya watsa taki da yawa a lokacin, ya yi asara sau biyu: ciyawar ba ta farka ba balle ta ci, idan kuma ɗumi ya zo daga baya sai ta yi tsiron gaggawa, ganye lagwai-lagwai mai saurin kamuwa da cuta, saiwa kuwa an bar ta a baya. Shi ya sa ƙwararru ke ba da takin naitirojin kaɗan-kaɗan, sau da yawa a narke cikin ruwa a fesa, duk bayan mako biyu ko makamancin haka. Idan launi kawai ake nema, akan fesa sinadarin ƙarfe, wanda ke sa ganye ya yi duhun kore ba tare da ya tunzura shi girma ba, yana kuma ƙone gansakuka.

Yanka ma da ladabinsa. A hunturu akan bar ciyawar dandali ta ɗan yi tsawo, milimita 5 ko 6. Idan bazara ta shigo ba a sauko da wuƙa lokaci guda, ana ragewa ne da kaɗan-kaɗan cikin makonni. Ƙa'idar da kowane ɗan koyo ke haddacewa ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye a yanka guda. Injin da ake amfani da shi kuwa ba irin mai wuƙa mai juyi a kwance ba ne, wanda muke gani a gidaje yana fizgar ciyawa. Nasu yana da wata ganga mai jerin wuƙaƙe da ke birgima tana goga wata wuƙa ta ƙasa, ganye ya shiga tsakani a datse shi tsaf. Makanikin fili yana gwada kaifin ne da takarda: ya zura ta tsakanin wuƙaƙen, idan ta yanku sarai injin ya fita aiki, idan ta yage ko ta lanƙwashe a koma wasawa. Wuƙa mai dakushi tana barin bakin ganye a yayyage, ta nan ruwa ke tsiyaya, ta nan cuta ke shiga. Asalin wannan inji, ga masu son tarihi, wani Bature ne mai suna Edwin Budding ya ƙirƙiro shi a 1830 a kusa da garin Stroud na Ingila, bayan ya lura da injin da masaƙu ke daidaita gashin yadin ulu da shi. Kafin nan, da lauje ake yi, tumaki da zomaye kuma suna taimakawa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, yanzu mun zo kan aikin da ya fi kowanne jawo wa masu kula da fili baƙin jini. Daidai lokacin da ciyawa ta farfaɗo, dandali ya fara kyau, 'yan wasa sun fara jin daɗi, sai a wayi gari a ga an shigo da wani inji ya bi dandalin nan ya huhhuje shi, rami kusa da rami, dubbai, sannan an zuba masa yashi har ya yi fari. Wanda bai sani ba zai rantse maƙiyi ne ya yi wannan aiki.

Ga dalilin. Ciyawa tana girma tana zubar da matattun ganyaye da kara da tsofaffin saiwoyi. Waɗannan suna taruwa tsakanin koren ganye da ƙasa, su zama wani cunkus mai taushi. Kaɗan daga cikinsa yana da amfani, yana rage raɗaɗin tattaki. Idan ya yi kauri, sai ya riƙe ruwa a sama lokacin ruwa, dandali ya yi laushi, ƙafa tana lumewa, fumfuna ta samu wurin zama. Idan kuma ya bushe, sai ya ƙi shan ruwa sam, ka zuba ya gangare gefe. Saiwa ma sai ta yi lalaci ta zauna cikin cunkus ɗin a sama, maimakon ta nutsa ƙasa. Ƙari a kan haka, nauyin ƙafafu da injuna yana danne ƙasa, ƙananan kafofin da iska ke bi su toshe, alhali saiwa tana numfashi, dole ta samu iska.

Injin hujin yana da 'yan bututun ƙarfe masu kauri kamar santimita ɗaya ko ɗaya da rabi. Kowanne yana nutsewa santimita 5 zuwa 10 ya zaro ɗan curin ƙasa haɗe da cunkus ɗin. A share curarrakin a kwashe, a kawo busasshen yashi a baza, a bi da buroshi har kowane rami ya cika. Kowane ramin nan ya zama hanyar ruwa da iska, kuma idan ka tona bayan 'yan makonni za ka ga fararen sababbin saiwoyi sun bi shi sun gangara. Akwai kuma wani injin mai dogayen tsinkuna marasa rami, da ke kaiwa santimita 25 ko 30 yana ɗan ɗaga ƙasa ya farfasa ta daga ciki, da wani mai siraran wuƙaƙe a tsaye da ke tsage cunkus ɗin yana fito da shi. Aikin wanzami ne da ƙaho: tsagar da zafi, tabon ma ba kyan gani, amma jiki ne ke samun sauƙi.

Gwanintar tana wajen zaɓen rana. Idan aka huda ƙasa tana da sanyi, ciyawa ba ta da ƙarfin rufe ramukan, sai a yi wata guda ko fiye ƙwallo tana tsalle-tsalle, ciyayin banza kuma su samu ƙofar shiga. Idan aka bari ciyawa ta kama girma sosai, cikin kwana goma zuwa mako biyu an manta. Matsalar ita ce wannan lokaci mai kyau shi ne kuma lokacin da kulob ya fi samun baƙi da kuɗin shiga da gasanni. Sai ka ga kwamiti ya tura aikin can farkon Maris don kada ya taɓa aljihu, ko a ce bana a haƙura. Ni a ganina babu shawarar da ta fi wannan tsada. Dandalin da aka tsallake hujinsa shekara biyu ko uku yakan yi kyau a ido, har ranar da zafi da ruwan sama za su haɗu a mako guda, ya mutu a tsaye, a koma ana maganar tone shi gaba ɗaya.

Shi wannan zuba yashi tsohon ilimi ne. Sunan da ake dangantawa da shi shi ne Tom Morris Babba, mutumin St Andrews a ƙasar Sikotland, wanda aka haifa a 1821 ya rasu a 1908. Ya fara kula da filin Prestwick, inda aka yi gasar Open ta farko a 1860, shi kansa ya ci gasar sau huɗu, daga baya ya koma garinsu ya riƙe tsohon filin St Andrews kusan shekara arba'in. Ana ba da labarin cewa wata rana a Prestwick baro cike da yashi ya kife masa a kan wani dandali da ya ƙi kyau, ya baza yashin ya tafi, daga baya ya ga wurin ya fi ko'ina lafiyar ciyawa. Ko haka aka yi ko an ƙara gishiri, abin da aka tabbatar shi ne ya mayar da yashi maganin kusan kowace matsala, har ma'aikatansa suka san umarninsa kafin ya buɗe baki. A yau, bayan babban zubi na lokacin huji, ana kuma yayyafa yashi kaɗan-kaɗan duk bayan mako biyu ko uku muddin ciyawa tana girma, don ya gauraya da cunkus ɗin tun bai taru ba, ya kuma cike 'yan lotse-lotse.

Ba kowane yashi ake ɗebowa ba. Ana tankaɗe shi, ana auna girman ƙwayarsa, kuma dole ya dace da wanda ke ƙarƙashin dandalin. Idan ka ɗora mai laushi a kan mai gwaɓi, ruwa zai tsaya a mahaɗarsu, saiwa ma ta tsaya a nan. Hukumar golf ta Amurka, USGA, wadda ta kafa sashen binciken ciyawa tun 1920, ta fitar da tsarin gina dandali a 1960 wanda har yanzu ake bi da 'yan gyare-gyare: bututun magudanar ruwa a can ƙasa, tsakuwa santimita 10 a kansu, sannan santimita 30 na yashi da aka cuɗa da ɗan ruɓaɓɓen tsiro. A kan wannan yashi ciyawar ke zaune. Ruwa ba ya kwanciya a kai, amma taki ma ba ya daɗewa, shi ya sa ciyarwar take zama ta kaɗan-kaɗan kamar yadda na faɗa.

Su ma suna da nasu ciyayin da ke hana su barci. Babbar cikinsu ita ce wadda masana ke kira Poa annua. Ba a shuka ta, da kanta take zuwa, kuma tana da wata baiwa: ko an yanke ta a milimita 3 sai ta fitar da kai ta yi iri. A Afrilu da Mayu dandali yakan yi fari-fari da 'ya'yanta, kuma da yake ta fi maƙwabtanta saurin tsawo, da la'asar ƙwallo sai ta riƙa karkacewa. Saiwarta gajera ce, tana son ruwa, tana son taki, ita ce kuma ta fi mutuwa a ƙarƙashin ƙanƙara. Wani masanin ciyawa na Birtaniya, Jim Arthur, wanda ya daɗe yana ba hukumar R&A ta St Andrews shawara, ya yi rayuwarsa yana wa'azin cewa yawan taki da yawan ban ruwa ne ke gayyato ta. A rage su, a yawaita huji, sai siraran ciyayi na asali masu jure yunwa da ƙishi su karɓe wurin. A Amurka kuma akwai dangin harƙiya da tuji, waɗannan da muka sani a gonakinmu. Harƙiyar takan tsiro idan zafin ƙasa ya kai wajen digiri 13, don haka maganin hana tsiro dole ya riga ta sauka. Wanda ya makara da mako biyu ya sha cira da hannu.

Ƙwari ba sai na daɗe a kansu ba. A Birtaniya akwai wata tsutsa da ke cin saiwa daga ƙasa, hankaki kuma su zo su yayyage ciyawar suna nemanta, ɓarnar tsuntsun ta fi ta tsutsar. Tsutsar ƙasa kuwa, wato tana, abokiyar manomi ce, amma tulin ƙasar da take turowa sama yana dakushe wuƙa yana ɓata santsi. Magungunan da a da ake kashe su da su, hukumomi sun hana da yawa daga ciki saboda lafiyar mutane da ruwan sha, sai aka koma ga yashi da buroshi da haƙuri.

Batun ban ruwa a bazara, dabarar ita ce a ja hannu. Idan sama kullum a jiƙe take, saiwa ba ta da dalilin nutsawa. Akan bar ƙasa ta ɗan bushe, saiwa ta bi danshi ƙasa. Yanzu ma'aikaci yana yawo da wata na'ura mai tsinke biyu, ya caka ta nuna masa yawan danshi, sai ya ja tiyo ya shayar da tudun da ya bushe kaɗai, ya bar kwarin da ke da ruwansa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To me ya sa, duk da wannan sani, ake samun masu kula da fili suna wuce gona da iri? Amsa ɗaya ita ce talabijin. Kowace shekara a watan Afrilu ana yin gasar Masters a filin Augusta da ke jihar Jojiya ta Amurka, gasar da aka fara a 1934. Duniya ta zuba ido ta ga kore shar ko'ina, furanni sun buɗe, ƙwallo tana gudu a dandali ba ta ko girgiza. Ranar Litinin kowane ɗan kulob, daga Ingila har Japan, ya nufi nasa ma'aikacin yana tambayar me ya sa namu bai zama haka ba. Abin da ba ya lissafawa shi ne, filin Augusta rufe shi ake yi daga ƙarshen Mayu har Oktoba, ba mai taka shi duk tsawon zafi. Koren da ake gani a tsakar filin wata ciyawar sanyi ce da ake shukawa a kan ta asali duk kaka. A ƙarƙashin dandalinsu akwai injunan da ke zuƙe ruwa su hura iska, har da bututun ɗumama ƙasa ko sanyaya ta. A makon gasa kuma masu kula da filaye daga wurare daban-daban ke zuwa su taya aiki. Duk shekarar an tsara ta ne saboda mako guda. Mai ƙaramin kulob a arewacin Ingila, wanda ƙasarsa ba ta ma gama farkawa ba a Afrilu, idan ya biye wa wannan, kwaɗayi mabuɗin wahala.

Gudun ƙwallon ma auna shi ake yi. Wani ɗan wasa mai suna Edward Stimpson ya ƙirƙiro ma'aunin a 1935, wata sanda mai kwari a tsakiya. A ɗora ƙwallo, a ɗaga sandar a hankali har ƙwallon ta gangaro da kanta, a auna nisan da ta yi. USGA ta fara raba wa filaye shi a 1978, kuma gwajin da ta yi a lokacin ya nuna matsakaicin nisa wajen ƙafa 6 da rabi ne. Yau a manyan gasanni ana kaiwa ƙafa 12 zuwa 14. An yi ma'aunin ne don dandali 18 su zama gudu ɗaya, sai ya koma abin alfahari tsakanin kulob da kulob, kuma hanya mafi sauƙi ta ƙara gudu ita ce a ƙara sauko da wuƙa. Masu hankali sun koma ga bi da abin daddaɓewa mai nauyi kaɗan, wanda ke ƙara santsi ba tare da an rage ganye ba. A St Andrews kuwa, da yake a bakin teku yake, ba a barin dandali ya yi gudu sosai, domin iska za ta tura ƙwallon da ke zaune. Duk da haka a gasar Open ta 2015 sai da iska ta tsayar da wasa mafi yawan yinin Asabar, aka kammala ranar Litinin.

Bari mu juyo gida, domin akwai dangantaka ta gaskiya. Ciyawar da ake shimfiɗawa a filayen golf na ƙasashe masu zafi, daga kudancin Amurka har Gabas ta Tsakiya, mafi yawanta dangin kiri-kiri ce, wannan mai yaɗo da manomi ke cirewa yana tsaki. A garin Tifton na jihar Jojiya, wani masani mai suna Glenn Burton ya haɗa kiri-kirin da aka sani da wata 'yar'uwarta mai siririn ganye daga Afirka ta Kudu, ya fitar da irin Tifgreen a 1956 da Tifway a 1960. Waɗannan ba sa yin iri mai tsirowa, da yaɗonsu ake dasa su. Halinsu kuma ya saba da na ciyawar sanyi: zafi suke so, a cikinsa suke girma, a cikinsa suke warkewa idan an huda su.

Wasan kansa ya daɗe a Arewa. Filin Rayfield na Jos tun 1913 yake, zamanin haƙar kuza, akwai kuma tsofaffin filaye a Kano da Kaduna da Zariya. Shekaru da yawa dandalin irin waɗannan filaye ba na ciyawa ba ne, yashi ne da aka cuɗa da baƙin mai aka daddaɓe, wanda 'yan wasa ke kira burawun, ana share wa ƙwallo hanya kafin a buga. Kada wani ya ɗauka wannan koma-baya ne. Shahararren filin Pinehurst na Karolina ta Arewa, inda ake yin gasar US Open, a kan yashi aka yi ta wasa har 1935. Illar burawun ita ce man da ke tsiyaya cikin ƙasa. Amfaninsa kuwa ba ya shan ruwa ko guga ɗaya, a garin da mata da yara ke layi a bakin famfo cikin watan Afrilu. Kulob ɗin da zai koma ciyawa, kamar yadda ake da ita a filin IBB na Abuja, tambayar da ya kamata ya fara amsawa ita ce daga ina ruwan rani zai fito, kuma wa zai rasa idan aka ba ciyawa.

Ga masu kula da ciyawa a nan gida, ko ta golf ko ta ƙwallon ƙafa, kada ku ɗauki kalandar Turawa ku ce Maris ne watan huji. A wurinmu ciyawa tana yin sanyin jiki ne a hunturu, lokacin da dare ke da sanyi ga ƙura ga bushewa, don haka a lokacin a ɗaga wuƙa sama, a rage tattaki. Tana farkawa idan zafi ya shigo in akwai ban ruwa, in babu kuwa sai ruwan farko ya sauka. Huji da zubin yashi da dashe, a bari sai damina ta zauna ciyawa ta kama yaɗo, amma a yi kafin ruwan Agusta ya cika ƙasa, domin huda jiƙaƙƙiyar laka ƙara danne ta yake yi. Wanda ba shi da inji, cokalin haƙa mai yatsu huɗu ya isa ƙaramin wuri, musamman bakin raga inda mai tsaron gida ke tattakewa: a caka, a ɗan girgiza, a zare, a share yashin kogi a ciki. A yashe magudanan ruwa tun kafin hadari ya fara haɗuwa, a sa ido a kan gara da aya-aya, yuriya kuma a raba ta kashi-kashi, a bi ta da ruwa nan take don kada ta ƙone ganye.

Lokaci ya ƙure mana. Masu tambaya a kan irin ciyawa ko yashin da ya dace da yankinsu, su aiko ta hanyoyin da aka saba, za mu amsa a shiri na gaba.